Idan Kulocin Babur Yana Zamewa

Kuloci shi ne ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafar baya. Idan ya soma zamewa, za ka murɗa mai, inji ya yi kuka, amma babur ba ya ƙara gudu. Wannan yana da haɗari ƙwarai, musamman sa'ad da kake ƙoƙarin wuce babbar mota a hanyar Maraɗi zuwa Damagaram.

Kada ka yi gaggawar buɗe inji. Fara duba wayar kuloci. A yawancin babura, ya kamata bakin hannun kuloci ya yi wasa na milimita 10 zuwa 20 kafin ka ji ya kama. In waya ta ɗaure tamau, sassauta ta. Sau da yawa gyaran ke nan.

Sai kuma mai. Faifan kuloci cikin man inji suke aiki, kuma wani man mota yana da sinadarin ƙara santsi da ke sa su zame. Nemi galan mai alamar JASO MA, wadda Japan ta fito da ita domin babura. Man da ake aunawa a kwalba bakin hanya ba ya da wannan tabbaci.

In zamewar ta ci gaba, faifan sun cinye. A sa sababbi, a jiƙa su cikin mai tukuna. Faifan ƙarfe da suka yi shuɗi ko suka lanƙwashe don zafi, a canza su. Wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi kuwa, ba lallai ne sifirin na asali su riƙe ba. Ya gaya wa makaniki ya sa masu tauri.