Rangwamen Sola a Kaliforniya: Wa Ya Ci, Wa Ya Biya?

A shekarar 2006 gwamnan jihar Kaliforniya ta Amurka, Arnold Schwarzenegger, ya sa hannu a kan wata doka mai burin ganin farantan sola a kan rufin gine-gine miliyan ɗaya. Daga farkon 2007 aka fara biyan mutane rangwame: ka kafa sola a gidanka ko shagonka, a mayar maka da wani kaso na kuɗin da ka kashe. An ware fiye da dala biliyan 2 domin yankunan manyan kamfanonin wuta uku na jihar, wato Pacific Gas and Electric, da Southern California Edison, da San Diego Gas and Electric.

Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne yadda aka tsara raguwar rangwamen. An kasa shi matakai goma. Magidancin da ya shiga da wuri ya samu dala 2.50 a kan kowane wat, wanda ya zo a matakin ƙarshe kuwa senti 20 kacal. Idan gida ya kafa sola mai kilowat 4, na farko zai karɓi kimanin dala 10,000, na ƙarshe dala 800. Kuma ba kalanda ke sauke farashin ba. Da zarar solar da aka kafa a wani mataki ta kai adadin megawat da aka ƙayyade masa, sai a rufe shi a koma na ƙasa. Wannan ya sa mai saye ba ya jan ƙafa, su kuma masu kafawa sun san cewa tallafin mai ƙarewa ne, dole su rage tsadar aikinsu tun kafin ya ƙare.

Ba a kuma biya da ka ba. Ga ƙananan gidaje, ana duba inda farantan suka fuskanta, da yadda aka karkata su, da ko akwai bishiya ko bene da ke yi musu inuwa. Rufin da ya kalli kudu ba inuwa ya fi samu. Wanda reshe ya rufe masa rabin faranti da hantsi, kuɗinsa ya ragu. Manyan masana'antu da ofisoshi kuwa sai an ga wutar da suka samar a mita tukuna, ana biyan su wata-wata har shekara biyar. Duk wanda ya taɓa ganin fitilun sola na kan titi da suka mutu bayan 'yan watanni zai gane hikimar wannan sharaɗi.

Shirin ya rufe a ƙarshen 2016, lokacin da kuɗin kafa sola ya faɗi da fiye da rabi, kodayake masana'antun Sin da suka cika kasuwa da farantai masu araha suna da babban hannu a wannan. A 2019 jihar ta cika rufi miliyan ɗaya.

To amma daga ina kuɗin rangwamen ya fito? Daga takardar kuɗin wutar jama'a, ban da masu ƙaramin ƙarfi da ke cikin shirin sassaucin kuɗin wuta. Mai gidan kansa da ɗan haya duk sun biya, alhali ɗan haya ba shi da ikon huda rufin da ba nasa ba, talaka kuma ba shi da ragowar kuɗin da zai cika bayan rangwame. An san da wannan matsala, shi ya sa aka keɓe kashi 10 cikin 100 domin gidajen masu ƙaramin ƙarfi. A ganina wannan kaso ya yi kaɗan ƙwarai, domin su ne kuɗin wuta ya fi yi wa nauyi.

Bayan batun rangwame, takaddama ta fi zafi a kan wutar da gida ke mayar wa kamfani. A can wuta ba ta cika ɗaukewa ba, don haka galibin gidajen ba su sayi batir ba. A wancan lokacin, da rana abin da ya yi saura yana komawa kan layi, kamfani ya saye shi kusan a farashin da yake sayar wa jama'a. Kamfanonin suka ce masu sola sun daina ɗaukar rabonsu na gyaran turaku da wayoyi, nauyin ya koma kan marasa sola. Masu sola suka ce kamfanonin kasuwarsu suke karewa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma kukan marasa sola ba abin wasa ba ne.

A watan Disamban 2022 hukumar da ke kula da kamfanonin wuta ta jihar ta yanke hukunci: daga Afrilun 2023, sabbin masu sola za a rage musu kuɗin wutar da suke mayarwa da kusan kashi 75 cikin 100. Cinikin masu kafa sola ya ja baya, wasu suka sallami ma'aikata. Masu saye a yanzu da yawansu suna haɗawa da batir, su tara wutar rana su yi amfani da ita da yamma lokacin da ta fi tsada, sai dai batirin ya ƙara wa aikin dubban daloli.