Jirgin ƙasa a kan tebur: kafin a aza dogo sai an auna

Jama'a 'yan kasuwa, mun daɗe muna jiran jirgin ƙasa, balle tun 2021 da aka ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi. To, a Turai da Amurka akwai magidanta, har da masu furfura, da ke shimfiɗa nasu dogon a cikin ɗaki, da ƙananan jirage masu aiki da lantarki. A birnin Hambug na Jamus, gidan Miniatur Wunderland da wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001 yana da ƙaramin dogo fiye da kilomita 16.

Ma'aunin da ya fi kasuwa shi ne HO. An rage jirgin gaske sau 87, tsakanin ƙarafan dogon milimita 16,5. Ma'aunin N kuwa sau 160 ne, milimita 9. Masu sayo kayan wasa daga waje, ku lura: taragon wannan ba ya hawa dogon wancan. Ko cikin HO ɗin, kan jirgin Märklin yana shan wuta ta tsakiyar dogo, ba zai yi tafiya a kan dogon sauran kamfanoni ba. Wanda ya haɗa su a kwali ɗaya ya sayo wa kansa kwantai.

Inda aikin yake shi ne mararraba, wurin da dogo ke rabuwa biyu. Lamba gare su. Mai lamba 4 tana kaucewa taki ɗaya cikin taki huɗu, ga ta gajera, ba ta cin wuri, amma kwanarta da tsanani, dogayen taragu kan sauka daga kan dogo. Mai lamba 6 ta fi sauƙin bi, sai dai ta ci fili. A ganinmu gara a rage yawan mararrabu a sayi masu lamba 6 ga babbar hanya, a bar masu lamba 4 wurin ajiye gajerun taragun kaya.

Mafari da yawa suna amfani da katako mai mita 1,22 a kan 2,44, domin kwana mai faɗin santimita 92 tana shiga ciki. Hanyar gefe, inda jirgi ke raɓewa ɗan'uwansa ya wuce, dole ta fi jirgi mafi tsawo tsawo. Kuma kada mararraba ta yi nisan da hannu ba ya kai, don nan ne tarago ya fi faɗuwa. Shi ya sa gwanaye ke zana komai a takarda, su jera dogon ba tare da ƙusa ba, su tura tarago da yatsa tukuna.