Shin Ko Kun San? Dakta Faustus, Malamin da Ya Sayar da Ransa

Shin ko kun san cewa Christopher Marlowe, marubucin wasan kwaikwayon "Doctor Faustus", ɗan mai ɗinkin takalma ne daga garin Canterbury na Ingila? A 1564 aka haife shi, shekara ɗaya da Shakespeare. Bai yi tsawon rai ba: a 1593 aka daɓa masa wuƙa a saman ido a Deptford, yana da shekara 29.

Labarin kuwa daga Jamus ya samo shi, cikin wani littafi da aka buga a Frankfurt a 1587 kan wani boka mai suna Faust, wanda ya rayu da gaske.

A wasan, Faustus shehin malami ne a Wittenberg. Ya duba ilimin manɗiƙi, da likitanci, da shari'a, da tauhidi, ya ga duk sun yi masa kaɗan. Girman kai ya kai shi ga tsafi. Ya ƙulla ciniki da Iblis: aljani Mephistopheles zai yi masa bauta shekara 24, bayan nan ransa ya zama na Iblis. Da zai sa hannu da jininsa, jinin ya daskare, sai da aljanin ya kawo garwashi aka narkar da shi. Mai hankali da a nan ya tsaya.

To, ku ji burin da ya ci. Zai kewaye Jamus da ganuwar tagulla, ya karkato kogin Rhine ya zagaye Wittenberg, ya tufatar da ɗalibai da alharini. Da ikon ya zo hannu fa? Ya je Roma ya yi layar zana, yana wafce abinci daga gaban Paparoma, har da ɗauke shi da mari. Ya tsirar wa wani jarumi ƙaho a ka. Ya sayar wa dillalin dawaki doki, da aka shiga ruwa da shi ya koma damin ciyawa. Ya kawo wa matar wani basarake mai juna biyu inabi a tsakiyar hunturu. A ganina nan Marlowe ya fi gwaninta: wanda ya so mulkin duniya ya ƙare ɗan wasan fada. Ko tambayar wa ya halicci duniya, aljanin ƙin amsa masa ya yi.

Wasan iri biyu ne, bugun 1604 da na 1616 wanda ya fi tsawo.

An kuma yi ta raɗe-raɗin cewa wata rana ana cikin wasan, shaiɗan na gaske ya bayyana a dandamali, 'yan wasa da 'yan kallo suka firgita.

Goethe na Jamus, da ya sake rubuta labarin, ya bar Faust ya tsira. Na Marlowe, agogo na buga sha biyun dare aljanu suka tafi da shi.