Horon sanin makamar aiki a Disney: Yadda ake nema, abin da ake biya da abin da ake yankewa

Ranar 14 ga Maris, 2020, dubban ɗaliban da ke aiki a Walt Disney World, katafaren wurin shaƙatawa da ke kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka, suka samu saƙo daga kamfanin. An dakatar da shirinsu saboda annobar korona, kuma an ba su zuwa ranar 18 ga watan su tattara kayansu su bar ɗakunan da suke kwana. Wasunsu ba su cika wata biyu da isowa ba, bayan sun jingine zangon karatu guda, sun kuma biya kuɗin jirgi daga aljihunsu. Cikin kwana huɗu suka rasa aiki, suka rasa matsuguni.

Shirin ya dawo a watan Yunin 2021, kuma har yanzu yana cikin shirye-shiryen horon ɗalibai da aka fi rububi a Amurka. Sai dai abin da ya faru a wancan mako ya fito da wata gaskiya da tallace-tallacen shirin ba su cika bayyanawa ba: duk wanda ya karɓi gurbi ya zama ma'aikaci kuma ɗan haya a lokaci guda, ɗakin da yake kwana kuwa ɗaure yake da aikin da yake yi. Kafin ɗalibi ya cike fom, yana da kyau ya fahimci wannan ƙulli.

Mene ne shirin?

Sunansa Disney College Program. An fara shi a 1981, shekara goma bayan buɗe Walt Disney World, da ɗalibai kimanin 200. A yau wurin yana da manyan filayen shaƙatawa huɗu: Magic Kingdom na 1971, Epcot na 1982, Hollywood Studios na 1989 da Animal Kingdom na 1998, ga otal-otal masu yawa a kewaye. Ɗalibi yakan yi wata huɗu zuwa bakwai, akan kuma ba wasu damar tsawaita zama har shekara guda.

Wanda ya san shirin SIWES na Najeriya, wanda hukumar ITF ta ɓullo da shi a shekarun 1970, zai iya zaton abu ɗaya ne. Akwai bambanci babba. Manufar SIWES ita ce a tura ɗalibi inda zai ga aikin fannin da yake karanta. A Disney kuwa mai karatun injiniya zai iya ƙarewa yana soya dankali, mai karatun lauya yana sharar titi ko yana ɗaure wa yara bel a kan lilo. Ayyukan su ne sayar da abinci, tsaron kantin kayan tsaraba, gyaran ɗakunan otal, kula da wurin ajiye motoci, ceton rai a wuraren ninkaya da ɗaukar hoto. Horon da ya dace da fannin karatu wani shiri ne daban, Disney Professional Internships, wanda gurabensa kaɗan ne kuma samunsu ya fi wuya.

Wa ya cancanta?

Dole mai nema ya kai shekara 18. Dole ya kasance ɗalibi a wata jami'a ko kwaleji da hukumomin Amurka suka amince da ita, kuma ya kammala aƙalla zangon karatu ɗaya kafin ya fara aikin. Wanda ya gama karatu ma zai iya nema idan bai wuce wata 24 da kammalawa ba. Sharaɗi na ƙarshe shi ne izinin yin aiki a Amurka.

Wannan ya nuna cewa ɗalibin da ke karatu a Zariya, Kano ko Yamai ba ya cikin waɗanda aka buɗe wa wannan ƙofa. Cike fom ɗin kyauta ne, a shafin kamfanin na intanet ake yi, don haka duk dillalin da ya nemi a biya shi domin ya samo gurbi, abin tuhuma ne. Waɗanda batun ya shafa kai tsaye su ne 'yan Afirka da ke karatu a can, kuma Najeriya ce kan gaba a nahiyar, da ɗalibai kimanin 20,000 a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024.

Matakan nema

An daɗe ana bin matakai uku. Na farko fom ne da ke tambayar makaranta, ayyukan da mutum ya taɓa yi da lokacin da zai iya zuwa. Na biyu jerin tambayoyi ne a intanet, masu ƙayyadajjen lokaci, waɗanda ke auna hali: haƙuri da jama'a, kiyaye lokaci da iya aiki tare da wasu. Akan maimaita tambaya ɗaya da kalmomi daban, saboda haka mai amsa bisa abin da yake zaton ana son ji yakan saɓa wa kansa. Na uku ganawa ce ta waya da jami'in ɗaukar ma'aikata. Masu son sanya kayan Mickey Mouse da sauran taurarin kamfanin kuwa sai sun je gwaji na musamman, inda tsayin mutum ke da muhimmanci ƙwarai.

Tun bayan 2021 kamfanin ya riƙa sauya wannan tsari daga zango zuwa zango, har an yi lokutan da aka ɗauki mutane ba tare da ganawar waya ba. Sauyin da ya fi tasiri shi ne, da yawa sukan karɓi tayin kafin a sanar da su aikin da za a ba su. Idan tayi ya zo, 'yan kwanaki kaɗai ake bayarwa a amsa, tare da biyan kuɗin shiga shirin, wanda ya haura dala 400. Ke nan ɗalibi yakan biya kuɗi ya sayi tikitin jirgi bai san ko a kicin zai yi wata biyar ko a bakin ƙofa ba.

Lissafin aljihu

Ana biyan albashi ne bisa awa, mako-mako. Yawancin ɗaliban suna zama a Flamingo Crossings Village, rukunin gidaje mai ɗaukar mutum fiye da 10,000 da kamfanin American Campus Communities ya gina, wanda shi ma katafaren kamfanin zuba jari na Blackstone ya saye a 2022. Hayar ta haɗa da wuta, ruwa, intanet da motar zuwa aiki, kuma a shekarun nan ta haura dala 200 a mako ga kowane mutum, ko da ɗaki ɗaya yake rabawa da wani. Daga albashi ake cire ta kafin kuɗi su shiga asusu.

A ɗauki misali. Idan ana biyan ɗalibi dala 17 a awa, ya yi awa 32 a mako, ya samu dala 544. A cire dala 230 na haya, saura 314. A cire kashi 7.65 cikin 100 na asusun fansho da lafiyar tsofaffi na tarayya, kimanin dala 42, saura 272, kafin harajin kuɗin shiga na tarayya. Florida ba ta karɓar nata harajin kuɗin shiga, kuma yawancin ɗaliban ƙasashen waje ba sa biyan wancan kashi 7.65 a shekarunsu na farko. Daga abin da ya rage za a ci abinci, a biya kuɗin waya, a sayi magani, a tara kuɗin komawa. Wanda ya juya dala 544 zuwa naira zai ga kuɗi masu kauri, amma da farashin Orlando za a kashe su.

Kuɗin hayar ba ya raguwa idan awoyin aiki suka ragu. A makon da baƙi suka yi ƙaranci, ko ɗalibi ya kwanta rashin lafiya, gibin a aljihunsa yake faɗawa. A lokutan cunkoso irin na ƙarshen shekara kuwa aiki yakan wuce awa 40, kuma dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 ta wajabta biyan kuɗin awa ɗaya da rabi a kan kowace awa da ta ɗoru.

Ma'aikacin da ba shi da ƙungiya

A nan ne shirin ya shiga fagen siyasar ƙwadago. Gamayyar ƙungiyoyi shida mai suna Service Trades Council Union tana wakiltar ma'aikatan Walt Disney World kimanin 45,000. A watan Fabrairun 2023 mambobinta suka yi watsi da tayin kamfanin da kashi 96 cikin 100 na ƙuri'u, a watan Maris kuma suka amince da yarjejeniyar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 15 zuwa 18 a awa kafin ƙarshen shekarar. Don kwatanci, mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 tun 2009.

Ɗaliban shirin ba sa cikin wannan yarjejeniya, duk da cewa kafaɗa da kafaɗa suke aiki da 'yan ƙungiyar. Ma'aikacin dindindin yana zaɓen lokutan aikinsa gwargwadon daɗewarsa, kuma idan an kore shi akwai wakilin da zai bi masa kadi. Shi kuwa ɗalibi tun wajen nema ya amince cewa za a iya sa shi aiki kowace rana, dare ko safiya, har da ranakun bukukuwa, don haka aikin rufewa na tsakar dare yakan faɗa kansa. Ana lissafa makara da fashi da maki, idan suka taru sai gargaɗi, idan gargaɗi ya yi yawa sai sallama. Wanda aka sallama kuma wa'adi kaɗan ake ba shi ya bar ɗaki.

Wannan ne ya sa masu suka, ciki har da 'yan ƙwadago, suka daɗe suna cewa shirin hanya ce ta samun ma'aikata masu araha a ƙarƙashin sunan ilimi. Kamfanin kuwa yana nuna darussa da tarukan ƙara wa juna sani da yake shiryawa, da shiga filayen kyauta, da rangwamen kaya, da kuma tsofaffin ɗaliban da suka zama manyan ma'aikatansa. Duka ɓangarorin suna da hujja. Abin lura shi ne, makarantar ɗalibi ce kaɗai ke yanke hukuncin ko za ta lissafa masa zaman cikin darussan digirinsa.

Gemu da hijabi

Disney na kallon filayensa a matsayin dandalin wasan kwaikwayo, ma'aikata kuma 'yan wasa, shi ya sa yake da tsauraran ƙa'idoji kan sutura da kamanni. Sai a 2012 ya halatta wa ma'aikatan filayen barin gemu, sannan ya ƙara sassauta ƙa'idojin a watan Afrilun 2021. A 2010 wata Musulma 'yar asalin Maroko da ke aiki a wani otal na Disneyland da ke Kalifoniya ta shiga taƙaddama da kamfanin kan sanya hijabi, lamarin da ya kai ga kotu a 2012. A shekarar 2010 ɗin kuma wata mai horo a wurin ta cimma matsaya da kamfanin kan ɗankwali mai dacewa da kayan aikinta. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su yi sassauci mai ma'ana saboda addini, muddin bai jawo musu cikas mai tsanani ba. Mai buƙatar sassauci kan hijabi, sallar Juma'a ko taɓa giya da naman alade zai fi samun sauƙi idan ya nema a rubuce tun kafin a raba ayyuka.

Tarkon biza

Ɗalibin da ke Amurka da bizar karatu ta F-1 ba shi da 'yancin yin aiki a wajen makaranta yadda ya ga dama. Hanyar da aka fi bi ita ce izinin CPT, wanda ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa ke bayarwa, galibi bayan ya cika shekarar karatu guda, kuma sai aikin ya kasance ɓangare na manhajar karatunsa. Wannan yakan yi wa mai karatun kula da otal da yawon buɗe ido sauƙi, ya yi wa mai karatun kimiyya wuya. Wanda ya yi wata 12 yana cikakken aiki da CPT ya rasa damar OPT, wato izinin aikin shekara guda bayan kammala digiri. Aiki ba tare da izini ba kuwa zai iya rushe matsayinsa a ƙasar baki ɗaya, a daidai lokacin da Amurka ke tsaurara wa 'yan Najeriya: a watan Yulin 2025 ta mayar da yawancin bizarsu ta wucin gadi zuwa ta wata uku, mai shiga sau ɗaya.

Waɗanda ke wajen Amurka suna da wasu shirye-shirye daban, ta hannun jami'o'in da ke da yarjejeniya da kamfanin a wasu ƙasashe, da bizar musaya ta J-1. Akwai kuma bizar Q-1 ta wata 15, wadda dokar shige da fice ta 1990 ta ƙirƙiro, ake kuma yi mata laƙabi da bizar Disney saboda rawar da kamfanin ya taka wajen samar da ita. Da ita ake kawo matasa su wakilci al'adunsu a rumfunan ƙasashe 11 na Epcot, inda Maroko ce kaɗai daga Afirka.

Kafin a amsa tayi

Ribar shirin ta fi fitowa ga wanda ke son yin sana'a a harkar otal, nishaɗi ko yawon buɗe ido, domin sunan kamfanin yana da nauyi a takardar neman aiki, kuma hulɗa da dubban baƙi a rana makaranta ce. Ga wanda fanninsa ya yi nisa da wannan, zangon da ya jingine zai iya jinkirta kammala karatunsa ko ya taɓa tallafin da yake samu.

Amsoshin da ɗalibi ke buƙata kafin ya biya kuɗin shiga suna wurare uku: ofishin rajista, wanda zai faɗi ko za a lissafa masa zaman, ofishin tallafin karatu da na ɗaliban ƙasashen waje, waɗanda za su faɗi makomar tallafinsa da bizarsa, sai takardar tayin kanta, inda aka rubuta kuɗin awa da na haya. Bayan waɗannan akwai kuɗin tikitin komawa, wanda ya kamata ya kasance a ajiye tun ranar isowa. Ɗaliban watan Maris na 2020 kwana huɗu aka ba su su nemo nasu.