Kuturta Ta Fara Sauya Shekarun Kamu

A da, inda kuturta ta yi katutu, yara da matasa ta fi kamawa. Amma a ƙasar Norwe, inda likita Hansen ya gano ƙwayarta a 1873, an lura cewa da cutar ta fara ja da baya, sai ta koma bayyana ga manya. Dalili kuwa, ƙwayar takan ɓuya a jiki shekara 5, wani lokaci har 20. Dattijo yana iya fito da tsohon kamu, amma tabo a jikin yaro shaida ce cewa cutar tana yaɗuwa kusa da shi. Har yanzu ana samun irin waɗannan yara a Nijeriya. Magani kyauta ne, don haka duk yaron da aka ga tabon da ba ya jin taɓi, a gaggauta kai shi asibiti tun yatsu ba su lalace ba.