Me ya sa mazauna tsibiran Amurka ba sa zaɓen shugaban ƙasarsu?

A shekarar 2013, wani mutum mai suna José Luis Vaello Madero ya tattara kayansa daga birnin New York, inda ya shafe kusan shekara 28, ya koma tsibirin Puerto Rico, mahaifarsa. A lokacin yana karɓar tallafin wata-wata da gwamnatin tarayyar Amurka ke bai wa tsofaffi da masu buƙata ta musamman waɗanda ba su da ƙarfi. Bai tsallaka iyakar wata ƙasa ba, fasfo ɗinsa ma bai sauya ba. Amma da hukumomi suka gano inda ya koma, sai suka dakatar da tallafin, suka kuma maka shi a kotu suna neman ya mayar da sama da dala 28,000 da ya karɓa yana tsibirin.

Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli. A watan Afrilun 2022, alƙalai 8 cikin 9 suka yanke cewa Majalisar Dokoki na da ikon hana mazauna Puerto Rico wannan tallafi. Mai Shari'a Sonia Sotomayor, wadda iyayenta 'yan asalin tsibirin ne, ita kaɗai ta ƙi amincewa. Hujjarta ita ce mutanen da aka ware ba su da ƙuri'a a majalisar da ta ware su, don haka ba su da hanyar gyara lamarin ta akwatin zaɓe.

Wannan hukunci ya sake tayar da tsohuwar muhawara kan matsayin mutum kimanin miliyan 3.6 da ke zaune a tsibirai biyar ƙarƙashin tutar Amurka, ba su zama jihohi ba, ba su kuma zama ƙasashe masu cin gashin kansu ba.

Waɗanne tsibirai ne?

Biyu suna yankin Karebiyan. Puerto Rico, wanda ya fi kowanne girma, yana da mutum kusan miliyan 3.3 bisa ƙidayar 2020, adadin da ya zarce na jihohin Amurka kusan 20. Amurka ta karɓe shi daga Sifaniya a 1898 bayan yaƙin da suka gwabza. Kusa da shi akwai tsibiran Virgin, waɗanda Amurka ta saya daga Denmark a 1917 a kan dala miliyan 25, masu mutum kimanin 87,000.

Sauran ukun suna tekun Fasifik. Guam, mai mutum kusan 154,000, shi ma a 1898 ya fita daga hannun Sifaniya, kuma a yau sansanonin sojan Amurka sun mamaye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsa. Sai tsibiran Mariana ta Arewa masu mutum kimanin 47,000, da Samoa ta Amurka mai mutum kusan 50,000.

Wane 'yanci suke da shi, wanne suka rasa?

Kowane tsibiri yana zaɓen gwamnansa da 'yan majalisar dokokinsa. Wanda aka haifa a huɗu daga cikinsu ɗan ƙasar Amurka ne. Mutanen Puerto Rico tun 1917 suka sami wannan matsayi, na Guam kuma a 1950. Suna shiga aikin soja, suna kuma zuwa kowace jiha su zauna ba tare da biza ba.

Sai dai a babban zaɓe ba su da ta cewa. Dalili kuwa shi ne a tsarin Amurka ba jimillar ƙuri'un jama'a ke naɗa shugaban ƙasa kai tsaye ba. Kowace jiha ce ke fitar da wakilan zaɓe, su kuma su kaɗa ƙuri'ar ƙarshe. Yankin da ba jiha ba ba shi da irin waɗannan wakilai, in ban da birnin Washington, wanda sai da aka yi wa kundin tsarin mulki gyara a 1961 kafin ya sami uku. Mazauna tsibiran na shiga zaɓen fitar da gwani na manyan jam'iyyu, amma daga nan sai kallo.

Haka abin yake a majalisa. Ba su da sanata ko ɗaya. A Majalisar Wakilai kowane tsibiri na da wakili guda, wanda ke iya gabatar da ƙudiri, ya yi muhawara, ya kaɗa ƙuri'a a kwamiti, amma ba shi da ƙuri'a idan aka zo zartar da doka a zauren majalisa.

Mai karatu a Najeriya zai fi gane lamarin idan ya kwatanta shi da Abuja. Mazauna babban birnin tarayya ba sa zaɓen gwamna, minista ake naɗa musu, amma suna zaɓen shugaban ƙasa, suna da sanata ɗaya da 'yan Majalisar Wakilai biyu masu cikakkiyar ƙuri'a. A Puerto Rico akasin haka ne: gwamna nasu ne, amma a gwamnatin tarayya ba su da murya.

Abin lura shi ne hanin yana bin wurin zama ne, ba asalin mutum ba. Ɗan Puerto Rico da ya koma Florida zai yi rajista ya zaɓi shugaban ƙasa kamar kowa. Ba'amurken da ya bar New York ya zo Legas ko Kano da zama yana iya aika ƙuri'arsa daga nan. Amma idan San Juan, babban birnin Puerto Rico, ya koma, ya rasa wannan dama.

Daga ina matsalar ta samo asali?

Kafin 1898, al'adar Amurka ita ce duk yankin da ta mallaka, a hankali sai ya zama jiha. Da ta karɓi tsibirai masu nisa, masu harshe da launin fata daban, sai tambaya ta taso: shin kundin tsarin mulki na aiki a kansu dungurungum?

Amsar ta fito ne daga jerin hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da aka fara a 1901, waɗanda masana shari'a ke kira shari'un tsibirai. Mafi shahara a cikinsu ta taso ne daga rigima kan harajin lemo da aka yi jigila daga Puerto Rico zuwa New York. Daga ita aka ƙirƙiro rukuni biyu: yankin da aka shigar cikin ƙasa, wanda ke kan hanyar zama jiha, da yankin da ba a shigar ba, wanda mallakin Amurka ne amma ba sashenta ba. A rukuni na biyu, muhimman haƙƙoƙi kawai ke aiki kai tsaye, sauran kuwa sai abin da majalisa ta ga dama. Wasu daga cikin alƙalan wancan zamani ba su ɓoye ra'ayinsu ba cewa mutanen tsibiran baƙin jinsi ne da ba su dace da tsarin shari'ar Turawa ba.

A hukuncin 2022, Mai Shari'a Neil Gorsuch, duk da ya bi ra'ayin masu rinjaye, ya rubuta cewa waɗannan tsofaffin hukunce-hukunce an gina su ne a kan wariyar launin fata, kuma lokaci ya yi da za a soke su. Har yanzu kotun ba ta yi hakan ba.

Yadda abin ke shafar rayuwa

Masu kare tsarin na nuna cewa yawancin mazauna Puerto Rico ba sa biyan harajin kuɗin shiga na tarayya a kan abin da suka samu a tsibirin, kuma wannan ce hujjar da Kotun Ƙoli ta dogara da ita. Masu suka na mayar da martani cewa ana cire musu harajin fansho da na inshorar lafiyar tsofaffi daga albashi kamar kowa, amma kuɗin kula da lafiyar talakawa da tallafin abinci ana ba tsibirin ne a ƙayyade, ba kamar yadda ake bai wa jihohi gwargwadon buƙata ba. Kusan kashi 40 cikin 100 na mazauna tsibirin na cikin talauci, wato kimanin ninki biyu na Mississippi, ɗaya daga cikin jihohin da suka fi talauci.

Abubuwa biyu sun ƙara fito da lamarin fili. A 2016, da bashin tsibirin ya haura dala biliyan 70, majalisa ta kafa hukumar sa ido kan kuɗaɗensa. Daga Washington ake naɗa mambobinta, kuma tana da ikon yin watsi da kasafin kuɗin da zaɓaɓɓun 'yan majalisar tsibirin suka amince da shi. Sai kuma mahaukaciyar guguwar Maria ta watan Satumban 2017, wadda gwamnatin tsibirin ta amince cewa ta yi sanadin mutuwar mutum 2,975, wasu yankuna kuma suka shafe kusan shekara babu lantarki. Jinkirin kai agaji ya sa da yawa suka ce ana yi musu riƙon 'yan bora. Tsakanin 2010 da 2020 yawan jama'ar tsibirin ya ragu da kusan kashi 12 cikin 100, kuma a yau 'yan asalinsa da ke zaune a jihohi sun fi na gida yawa.

Me mutanen ke so?

A nan ne batun ke ƙara sarƙewa, domin bakinsu bai zo ɗaya ba. A Puerto Rico ra'ayi uku ne ke jan akalar siyasa. Akwai masu son zama jiha ta 51, da masu son a ci gaba da tsarin da aka kafa a 1952 tare da yi masa gyara, da masu neman cikakken 'yanci.

Sau bakwai ana kaɗa ƙuri'ar raba gardama. A 1967 da 1993 tsarin da ake kai ne ya yi nasara. A 1998 rinjaye ya tafi ga masu cewa babu ko ɗaya daga cikin zaɓuɓɓukan da ya yi musu. Daga 2012 zama jiha ke kan gaba, sai dai kowane karo da ƙorafinsa. A 2017 ya sami kashi 97 cikin 100, amma kashi 23 kacal na masu rajista suka fito saboda 'yan adawa sun ƙaurace. A 2020, da aka yi tambayar e ko a'a, kashi 52.5 suka ce e. A 2024 ya sami kimanin kashi 58, amma ba a sa tsarin da ake kai cikin zaɓuɓɓukan ba, kuma a wannan rana ɗan takarar masu neman 'yanci, Juan Dalmau, ya zo na biyu a zaɓen gwamna.

Masu ɗari-ɗari da zama jiha na tsoron ƙarin haraji, da makomar harshen Sifaniyanci, da rasa alamomin da ke nuna su al'umma ce ta daban. Tsibirin na zuwa gasar Olamfik da tutarsa. 'Yarsa Jasmine Camacho-Quinn ce ta ci zinare a tseren tsallake shinge na mita 100 a Tokyo, tseren da Tobi Amusan ta Najeriya ta zo ta huɗu. Babu jihar Amurka da ke da irin wannan dama.

Lamarin Samoa ta Amurka ya sha bamban. Wanda aka haifa a can yana riƙe da fasfo ɗin Amurka, amma doka ba ta ɗauke shi cikakken ɗan ƙasa ba, ko ya koma wata jiha ba zai yi zaɓe ba sai ya nemi shaidar zama ɗan ƙasa. Da wasu 'yan tsibirin mazauna jihar Utah suka kai ƙara, gwamnatin Samoa da kanta ta tsaya a kan kada kotu ta sauya matsayin. Fargabarta ita ce a rusa tsarinsu na gargajiya, inda yawancin filaye mallakar dangi ne ƙarƙashin kulawar shugabannin zuri'a, ba a sayar wa bare. A 2022 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar.

Wa ke riƙe da wuƙa da nama?

Duk ƙuri'un da aka kaɗa a Puerto Rico na jin ra'ayi ne kawai, ba su ɗaure kowa ba. Kundin tsarin mulki Majalisar Dokoki kaɗai ya bai wa ikon karɓar sabuwar jiha. Rabon da ta yi hakan tun 1959, lokacin da ta karɓi Alaska da Hawaii, wadda ita ma tarin tsibirai ce a tsakiyar teku. A watan Disambar 2022 Majalisar Wakilai ta amince, da ƙuri'a 233 da 191, da ƙudirin shirya zaɓen da sakamakonsa zai zama tilas, amma ya mutu ba tare da Majalisar Dattawa ta duba shi ba.

Babban cikas shi ne lissafin kujeru. Idan Puerto Rico ya zama jiha zai sami sanatoci 2 da wakilai kimanin 4, kuma da yake an ƙayyade kujerun Majalisar Wakilai a 435, wasu jihohi ne za su yi asara. 'Yan jam'iyyar Republican da dama na ganin kujerun za su faɗa hannun Democrat, duk da cewa gwamnar da aka zaɓa a 2024, Jenniffer González-Colón, tasu ce. Tarihi ya nuna irin wannan hasashe na iya cin tura: a 1959 an zaci Alaska za ta bi Democrat, Hawaii ta bi Republican, sai aka wayi gari da akasin haka.

Me dokokin duniya suka ce?

A watan Disambar 1960, Majalisar Ɗinkin Duniya ta fayyace hanyoyi uku da yanki zai bi ya fita daga mulkin mallaka: cikakken 'yanci, ko ƙawance bisa yarda da wata ƙasa, ko haɗewa da ita bisa daidaito. Najeriya ta ga irin wannan a 1961, lokacin da mutanen arewacin Kamarun Birtaniya suka zaɓi shiga cikinta, aka kuma aiwatar da zaɓinsu cikin 'yan watanni, yankin ya zama lardin Sardauna. Guam da Samoa ta Amurka da tsibiran Virgin har yanzu suna cikin jerin yankuna 17 da majalisar ta ce ba su kai ga mulkin kai ba. An cire Puerto Rico daga jerin a 1953, amma kwamitin majalisar kan kawar da mulkin mallaka ya ci gaba da tattauna batunsa.

Faransa ta bi hanyar haɗewa. Tsibirin Mayotte da ke tekun Indiya, wanda galibin mazaunansa Musulmi ne, ya ƙi bin sauran tsibiran Komoros wajen karɓar 'yanci a shekarun 1970, kuma a 2011 ya zama cikakken lardin Faransa, duk da Komoros na ci gaba da iƙirarin nata ne. Mutanensa na zaɓen shugaban Faransa, suna da wakilai masu ƙuri'a a majalisa. Amma har yanzu shi ne lardin da ya fi kowanne talauci, abin da guguwar Chido ta Disambar 2024 ta fallasa.

Misalin Mayotte ya nuna cewa ƙuri'a ba ta kawar da talauci dare ɗaya, sai dai tana bai wa mutum damar tuhumar wanda ya gaza. Wannan damar ce mazauna tsibiran Amurka ba su da ita. Ko da kansu ya haɗu a kan abin da suke so, hukuncin ƙarshe na hannun majalisar da ba su da ƙuri'a a zaurenta, fiye da shekara 125 bayan kafa tutar Amurka a San Juan.