Waƙoƙin Yara a Kan Hamada da Itatuwa

Yau za mu taɓa batun waƙoƙin yara, wato irin waɗanda ke koya wa yaro sanin hamada, da itatuwan da ke tare mana ita.

Wata za ta ce, "To ni da ko zaure ba na leƙawa, ina ruwana da hamada?" 'Yar uwa, ai hamada ta riga ta iso miki har madafa. Duk ranar da kika ga ƙullin itacen girki ya ƙara kuɗi, ko maigida ya dawo yana kukan gona ta daina bayarwa, to da hannunta a ciki. Jihohi 11 na arewacin Nijeriya ne ke fuskantar kwararowarta, irin su Sakkwato, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. A yankin Yusufari ta jihar Yobe, tuddan rairayi na binne gonaki. Shi ya sa a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin dasa katangar itatuwa mai tsawon kilomita 8,000, daga Senegal zuwa Jibuti.

To me ya haɗa wannan da waƙa? Kin san yaro kan manta da faɗa, amma ba ya manta waƙa. Kuma itacen da ya san sunansa da amfaninsa tun yana ƙarami, da wuya ya ɗora masa gatari a banza idan ya girma.

Ɗauki gawo. Shi da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi kore shar. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne lokacin da ciyawa ta ƙare. Manoman Maraɗi da Damagaram a Nijar sun riƙe wannan sirri. Tun daga shekarun 1980 suka riƙa barin tohon kututture ya tashi a gonakinsu maimakon su sare, har aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo. Kin ga abin sa wa a waƙa. Kina iya cewa:

Gawo, gawo, mai abin mamaki,
Damina ka tuɓe, rani ka sa riga,
Gero ya gode, akuya ta gode.

Haka za ki bi aduwa da magarya da goriba da kuka ɗaya bayan ɗaya, tunda 'ya'yansu yara sun san daɗinsu, kuka kuwa kullum tana cikin tukunyarki. Dabbobi ma kada a bar su a baya. Raƙumi kitse yake ajiyewa a tozonsa, ba ruwa ba kamar yadda ake faɗa. Yanyawa kuma manyan kunnuwanta ne ke rage mata zafin jiki.

Abu uku za ki kiyaye. Na farko, baitin ya zama gajere, da amshin da yara za su karɓa suna tafi. Na biyu, abin da ke ciki ya zama gaskiya, domin abin da yaro ya hardace da shi zai girma. Na uku, a haɗa waƙar da aiki. Ki ba kowane yaro ƙwallon dabino ko irin zogale ya shuka a tsakar gida, ruwan ɗauraya wanda babu sabulu ya ishe shi ban ruwa. In yaran sun fara makaranta, ki sa su rubuta baitukan a littafi, su ƙara nasu, ƙannensu su gada.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, uwargida. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.